Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Ayyukan Gona Da Hukumar Kashe Gobara Ta Jihar Kebbi Kan Gobarar Injinan Girbi

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, na rubuto wannan wasiƙa ne a kan wani al'amari da ya faɗa tsakanin ofisoshinku biyu, wato wutar da ke tashi a jikin motocin girbi da injinan casa suna tsakiyar aiki a gona. Na haɗa ku a takarda ɗaya saboda ɗayanku ke da injina da manoma da malaman gona, ɗayan kuma ke da sanin halin wuta, alhali gobarar da nake magana a kanta tana bukatar abubuwan nan biyu su haɗu a wuri ɗaya tun kafin ta tashi. Na kuma zaɓi in rubuta a fili domin masu injina da direbobi da shugabannin ƙungiyoyin manoma su karanta, tun da rabin maganar tasu ce.

Ba sai an tuna muku yadda noman shinkafa ya canza a jihar nan ba tun daga watan Nuwamba na 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Bayansa aka ga shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas a ƙarshen 2016, aka buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga kuma Labana a Birnin Kebbi, kowanne yana neman shanshera. Da gonaki suka faɗaɗa a fadamun Argungu da Augie da Suru da Bagudo da Yauri, lauje da sanda suka kasa ɗaukar aikin su kaɗai, sai injin casa ya bazu cikin garuruwa, motocin girbi su ma suka fara shiga manyan gonaki, wasu na hukuma, wasu na kamfanoni, wasu na 'yan kasuwa masu bayar da haya. Babu mai son a koma baya. Sai dai yawancin kayan nan daga waje ake shigo da su, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023, wanda motarsa ta girbi ta ƙone da wuya ya sake sayen irinta, manoman da ke jiran layinsa kuma shinkafarsu za ta wuce lokacin yanka ta riƙa zuba a ƙasa.

Lokutan girbinmu guda biyu duka lokutan wuta ne. Shinkafar damina tana nuna daidai shigowar hunturu, sa'ad da iska ke bushewa har laimar da ke cikinta takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana. Alkama da shinkafar rani kuwa a bazara ake girbe su, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ko a inuwa. Wani zai ce ai shinkafa da sauran ɗanyenta ake yankanta, kuma gaskiya ne, domin masana suna son a yanke ta tana da laima kashi 20 zuwa 25 cikin 100, saɓanin alkama da ake bari ta bushe ƙarau. To amma ƙura da ƙaiƙayin da ke tashi daga shinkafar suna sauka ne a kan ƙarfe mai zafi, a can suke ƙarasa bushewa cikin ɗan lokaci, kuma daga can wutar ke farawa. Shinkafar da aka yanke da hannu aka tara ta yi kwanaki a rana tana jiran injin casa kuwa, babu sauran ɗanye a jikinta.

Ya kamata in tsaya a kan yadda wutar ke samo asali, domin a nan ne ake yawan ɗora wa ƙaddara abin da ido zai iya gani tun da safe. Motar girbi tana yini ne a cikin ƙurar da ita kanta take tayarwa. Fankar da ke sanyaya lagireto tana zuƙo wannan ƙura, ta watsa ta a kan inji, ta kwanta a kan bututun hayaƙi da tobo (na'urar da ke ƙara tura wa inji iska) da salansa, waɗanda zafinsu kan kai digiri 500 ko fiye idan inji yana jan kaya, alhali ƙurar amfanin gona tana fara cin wuta tun kafin zafi ya kai digiri 300. Ba lallai ne ta yi harshe nan take ba. Sau da yawa takan zama garwashi ƙanana, iskar fanka ta kwashe su ta kai su wani lungu inda ƙaiƙayi ya taru ya jiƙu da baƙin mai ko man gas da ke ɗiga, a can ne wutar ke samun abinci. Binciken da aka yi a Amurka a kan dubban gobarar motocin girbi ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 daga wajen inji suke tashi. A Ostareliya kuma an ƙiyasta cewa kimanin kashi 7 cikin 100 na motocin girbi kan tayar da wuta a kowace shekara, kuma ɗaya cikin goma na waɗannan kan yi mummunar ɓarna ga motar ko ga gonar. Waɗannan ƙasashe ne da kayan gyara na ainihi ke kusa da manomi, saboda haka babu dalilin da zai sa mu ɗauka namu injinan sun fi nasu aminci.

Hanya ta biyu ita ce gogayya. Boris ɗin da giris ya ƙare masa yakan yi zafi har ya yi ja, bel ɗin da ya saki yakan riƙa sulɓi a kan fule yana ƙonewa, karan shinkafa kuma, saboda tsawonsa da taurinsa, yakan naɗe a jikin sandunan da ke juyawa ya riƙa goga har ya yi hayaƙi. Ta uku ita ce wayar lantarki, kuma a ganina ita ce ta fi kama da halinmu. Motar girbi takan yi watanni a ajiye tsakanin kaka da kaka, da ragowar hatsi a cikinta, ɓeraye su shiga su yi gida su ci rigar waya. Idan aka tayar da ita fis ya ƙone, maimakon a nemi dalili sai a ɗaura zaren waya a gurbinsa, alhali fis an yi shi ne domin ya ƙone a madadin motar. Haka kan batir da ya yi sako-sako, ana buga shi da dutse yana tartsatsi, a kusa da tiyon mai. Ban faɗi wannan don in ci mutuncin makanikanmu ba, mutane ne da ke tayar da injin da a wata ƙasa da tuni an jefar, kuma galibi mai injin ne ke tsaye a kansu yana cewa a yi dabara kawai a gama gonar yau.

Ƙananan injinan casa sun fi motocin girbi yawa nesa ba kusa ba, kuma hatsarinsu ya fi kusa da jama'a. Ana kafa injin ne a gindin tarin shinkafa domin a rage wahalar ɗauko dami, salansarsa tana huci a kusa da kara, tattaka tana taruwa a bayansa har ta kai tsayin mutum, mata masu sheƙa da yara masu kala suna kewaye da shi. Idan mai ya ƙare, sai a ɗauko jarka a tsiyaya ba a kashe inji ba, don kada a sha wahalar sake tayar da shi. Fetur kuwa tururinsa ke kamawa, ko da sanyin asuba ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya je ya sami wuta a inda take. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wasu sun mayar da ƙananan injinansu masu amfani da iskar gas, abin da ya rage musu kashe kuɗi, amma ya ƙara tukunyar gas da tiyonta a cikin abubuwan da ke zaune a rana kusa da busasshen kara. Idan aka haɗa da mai walda da aka kira ya yi gyara a nan cikin tattaka, da murhun da ake dafa wa 'yan ƙwadago abinci, da guntun taba, da maƙwabcin da ya cinna wa karan gonarsa wuta don ya yi sharar rani, za a ga cewa ƙofofin suna da yawa.

Babban abin da nake so ku duba shi ne, motar 'yan kwana-kwana ba za ta iya ceton injin da ya kama wuta a fadama ba, komai ƙwazon ma'aikatanta. Mota ce mai nauyi ɗauke da dubban litocin ruwa, hanyoyin fadama kuwa kunya ce da laka da magudanan ban ruwa, kuma ko da hanyar ta yi kyau, tazarar da ke tsakanin gari da gona ta fi ƙarfin lokacin da wuta ke bayarwa. Daga sa'ad da direba ya ji ƙauri zuwa sa'ad da wuta za ta kai tiyon mai da tayoyi ko sarƙar roba, 'yan mintuna ne. Ke nan wanda zai kashe wutar shi ne direba da yaronsa da mutanen da ke gonar, da abin da ke hannunsu a lokacin. Idan haka ne, aikin hukumar kashe gobara a wannan fage shi ne ta kai iliminta gona kafin kaka, aikin ma'aikata kuma shi ne ta tabbatar da kayan suna jikin injin.

Abin da ake so direba ya sani ba shi da yawa, amma sai an gwada masa da hannu. Idan ya ga hayaƙi ko ya ji ƙauri, in akwai sarari ya janye motar daga cikin amfanin da ke tsaye zuwa inda aka riga aka yanke, sannan ya kashe inji nan take, domin muddin inji yana aiki fanka tana hura wutar, famfo kuma yana turo mata mai. Ya yanke wutar batir idan zai iya kai hannu ba tare da hatsari ba, ya sa wani ya kira taimako, ya kuma kori jama'a nesa. Kada ya wangale murfin inji gaba ɗaya, saboda iskar da za ta shiga a lokaci guda takan mayar da hayaƙi harshen wuta, sai ya ɗaga kaɗan ya zura bakin tukunyar kashe gobara. Ya tsaya iska tana bayansa, tazarar taku biyu zuwa uku, ya zare fil, ya auna gindin wutar, ya matse, yana kaiwa dama da hagu. Mutane da yawa suna auna harshen wuta ne domin shi ke ba su tsoro, hodar ta tafi a iska, kuma ko babbar tukunya mai kilo 9 ba ta kai rabin minti tana feshi.

Tukunyar da ta dace da wannan aiki ita ce mai hoda wadda aka rubuta wa ABC, domin tana kashe wutar kara da ta mai, kuma ba ta da hatsari a kan wayar lantarki. A Amurka shawarar da ake bai wa manoma ita ce a ajiye guda biyu, mai kimanin kilo 4.5 a ɗakin direba, mai kimanin kilo 9 kuma a jikin motar inda wanda ke tsaye a ƙasa zai iya ɗauka. Mai iskar kabon, wadda ake yawan gani a ofisoshi, ba ta da amfani sosai a fili, iska ke ɗauke ta. Akwai kuma abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Jijjigar inji tana danne hodar ta dunƙule a gindin tukunya, saboda haka sai an riƙa cire ta ana kifawa ana girgizawa, ana kuma duba ko allurar tana kan kore. Sannan hoda tana kashe harshen wuta ne, ba ta sanyaya ƙarfe ko garwashin da ke cikin ƙaiƙayi, don haka dole a biyo bayanta da ruwa a kan kara da ƙura, a tone lunguna, a bar mutum yana gadi, domin wutar da aka yi zaton ta mutu da la'asar takan farka da dare. Ruwa a kan mai mai ci kuwa yaɗa shi yake yi, a nan yashi ko ƙasa sun fi.

A nan ne fadamarmu ke da wata dama da manoman wasu ƙasashe ke kashe kuɗi masu yawa kafin su samu. Ruwa yana kusa da sama, rijiyoyin ban ruwa suna cikin gonaki, kuma kusan duk mai noman rani yana da injin ban ruwa da tiyo. Abin takaici shi ne ranar girbi ce ranar da ake kwashe su a kai gida, tun da an daina ban ruwa. Da za a mayar da shi al'ada cewa ba a tayar da injin casa ko motar girbi sai an haɗa injin ban ruwa an gwada shi, da tiyon da zai kai wurin aiki, da an rage asara mai yawa ba tare da an sayi sabon abu ba. A tudu, inda babu rijiya, durom biyu na ruwa a kan amalanke da bokitai da injin feshi na goyo da aka wanke tas sun fi babu. Inda akwai tarakta, a ajiye ta da haro a ɗaure, domin idan wuta ta shiga kara a ja mata layi a gaba, can nesa da ita ta ɓangaren da iska ke turawa, kuma ya fi kyau a fara girbi daga wannan ɓangaren domin in wuta ta tashi ta nufi inda aka riga aka kwashe.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a haƙura da injin. Idan tukunya ta ƙare wuta ba ta mutu ba, ko ta kai tankin mai ko tayoyi, ko ta kusanci tukunyar gas, to kowa ya ja da baya. Yaran mota ne suka fi shiga wannan hatsari, saboda tsoron abin da za su faɗa wa maigida, shi ya sa ya kamata maigidan da bakinsa ya gaya musu tun farko cewa bai yarda su sayar da rai a kan ƙarfe ba. Wanda wuta ta kama tufafinsa kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai tsabta na tsawon minti 20 a kai shi asibiti, a bar shafa ƙwai da man goge baki da baƙin mai, waɗanda ba abin da suke ƙarawa sai ƙazantar ciwo.

Roƙona ga ma'aikata, ranku ya daɗe, shi ne duk injin girbi ko na casa da zai fita ta hannun gwamnati, ko rabo ne ko bashi ko haya, a sanya sharaɗin kayan kashe wuta a cikin yarjejeniyarsa, a haɗa kuɗinsu cikin farashin tun a wurin saye. Ga motar girbi a nemi tukwane biyu da makullin yanke batir da injin hura iska na share ƙura, ga injin casa kuma tukunya ɗaya da ƙa'idar cewa a kafa shi a wurin da aka share, salansa tana kallon nesa da tari. Idan aka kwatanta da kuɗin motar, waɗannan kaya ba su kai a yi musu a kansu ba. Masu manyan motoci za su amfana da ƙaramin ma'aunin zafi na hannu, wanda ake haska wa boris daga nesa a gane wanda ya fi 'yan'uwansa zafi kafin ya ci wuta. Share inji kuma a mayar da shi cikin aikin yini, da safe da kuma duk lokacin da aka tsaya sallah ko shan mai, a bar inji ya huce kafin a zuba masa mai. Masu haya za su ce lokaci kuɗi ne, tun da a kan hekta ko buhu ake biyansu, kuma wannan ne ya sa ba za a bar abin ga ra'ayin kowa ba.

Ga hukumar kashe gobara kuma, ina roƙon ku fito da jami'anku sau biyu a shekara, kafin girbin damina da kafin na rani, ku haɗu da malaman gona na KARDA, hukumar raya noma da karkara ta jiha, da shugabannin RIFAN, ƙungiyar manoman shinkafa ta ƙasa, a cibiyoyin noma na masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru. Horon ya kasance a gindin inji, a kunna wuta a cikin rabin durom, kowane direba da yaronsa su riƙe tukunya su kashe da hannunsu, domin wanda bai taɓa zare fil ba ba zai koya a cikin hayaƙi ba, ba a fafe gora ranar tafiya. A yi bayanin da Hausa, a kuma yi da Zabarmanci da Fulatanci da Dakarci inda ake bukata, a maimaita a rediyo a makonnin girbi. Haka nan a samar da wurin sake cika tukwane a manyan garuruwan noma, saboda tukunyar da aka fesa ko da kaɗan ne takan zubar da sauran ƙarfinta, kuma idan sai an yi doguwar tafiya kafin a cika ta, za ta koma ado a jikin mota.

Manoman Kudancin Ostareliya suna da ƙa'idar da suka amince da ita tare da hukumar kashe gobararsu, cewa idan zafi da bushewa da ƙarfin iska suka kai wani mizani, kowa ya tsayar da girbi har yanayi ya sauƙaƙa. Ba sai mun kwaikwayi lissafinsu ba, amma iyayen ƙasa da sarakunan noma suna da ikon da za su ce a ranar da iska ta yi ƙarfi a dakata da casa da tsakar rana, kuma kada kowa ya ƙona kara matuƙar akwai tarin da ba a casa ba a maƙwabtaka. Irin wannan doka ta gari ta fi takardar ofis saurin shiga kunne, sai dai tana bukatar ku ne ku kai maganar fada.

Saura batun wanda zai ɗauki asara. Idan injin haya ya tayar da wuta ta cinye tarin manomi, ko wutar da maƙwabci ya cinna ta cinye injin, rigima ce ke biyowa baya, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke kwana a ciki. Ya dace ma'aikata ta zauna da hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, da kamfanonin takaful domin waɗanda ke ƙyamar inshorar da aka saba, a fito da tsari mai sauƙi ga injinan girbi, a kuma tsara gajeriyar takardar yarjejeniya da Hausa da mai inji da mai gona za su sa wa hannu kafin a fara aiki. Tare da wannan, a buɗe rajista a sashen noma na ƙananan hukumomi 21 na jihar, inda za a riƙa rubuta kowace gobarar inji, babba ko ƙarama, da irin injin da wurin da wutar ta fara da lokacin da ta tashi, a riƙa aika wa hukumar kashe gobara kwafi a ƙarshen kowace kaka, domin horon shekara mai zuwa ya tsaya a kan abin da ke ƙona injinanmu a nan Kebbi. Ina roƙon a fara da taron haɗin gwiwa tsakanin ofisoshinku biyu kafin girbi mai zuwa, a gayyaci masu bayar da hayar injina da makanikai su faɗi abin da suke gani.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya kiyaye mu da dukiyoyinmu. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin gona,
daga ƙasar Argungu, Jihar Kebbi.